Pil a ƙirji: yadda bugun zuciya ke yin sanyi, da doguwar hanyar da ke tsakanin Tawa da magani

Sau uku ƙanin mahaifina ya faɗi cikin wata biyu kafin wani ya kama hannunsa ya ƙirga. Na farko a sahun Asuba ne, a masallacin unguwarmu a Tawa. Ana tsaye aka ji timm, kafin liman ya sallame har ya tashi zaune yana duban mutane. Aka ce gajiya ce. Na biyu a gindin rumbu. Na uku a kasuwa, kuma a wannan karon hannuwansa sun ɗan karkaɗa, sai kalmar da kowa ke gudu ta fito bakin mutane: farfaɗiya. Wasu suka ce iska ce. Aka sha rubutu, aka yi turare, aka sayo maganin ƙarin jini. A wani ɗakin shan magani aka auna masa tansiyo, aka ce ba laifi, aka rubuto maganin masassara.

Wani tsohon majo ne, ma'aikacin jinya, da ya shigo gaisuwa ya ce, "Baba, ku ba ni hannunku." Ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannun, daidai gindin babban yatsa, ya zuba wa agogo ido minti ɗaya cur. Ya samu 34. Ya sa shi ya zagaya tsakar gida sau biyu, ya sake ƙirgawa, ya samu 35. Ya juyo ya ce da mu, "Wannan ba iska ba ce. Wayar zuciya ce ta tsinke. Ku yi shirin Yamai."

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, injin auna tansiyo lamba uku yake nunawa. Biyu na hawan jini ne, ta ukun ita ce yawan bugun zuciya. Wato 34 ɗin nan ta fito a gilashin injin tun makonni kafin zuwan majo, ba wanda ya tsaya a kanta. Shi ya sa idan ana zancen na'urar saita bugun zuciya, wadda likitoci ke kira pesmeka, mutanen gari kuma suke ce mata pil kamar na tocila da rediyo, ba na yarda a taƙaita zancen a kan tsadarta. Tsada tana nan, za mu zo kanta. Amma aikin sa pil shi ne mafi gajarta a cikin tafiyar. Abin da ke gabansa da abin da ke bayansa su ne suke cinye mutane.

Duk wanda ya taɓa zuwa gayyar noma ya san aikin makaɗi. Ba ya riƙe da hauya, amma da kiɗansa ne hauyoyi hamsin suke tashi tare su sauka tare. Zuciya ma tana da makaɗinta. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu ƙanana a sama, biyu masu ƙarfi a ƙasa, kuma a bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙullin nama da ke haifar da wutar lantarki da kansa, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Wasu masana biyu a Ingila, Arthur Keith da Martin Flack, su ne suka gano shi a 1907. Duk sa'ad da ya buga, wutar ta bazu a ɗakunan sama, su matse, su tura jini ƙasa. Daga nan wutar ba ta da hanyar wucewa zuwa ɗakunan ƙasa sai ta ƙofa ɗaya tak, wani ƙulli na biyu da likitan Japan Sunao Tawara ya bayyana a 1906. A wannan ƙofa ana ɗan tsare ta, kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, don ɗakunan ƙasa su cika tukuna. Sannan ta bi wata igiya da ta rabu biyu, dama da hagu, ta watsu, ɗakunan ƙasa su matse da ƙarfi, jini ya tafi huhu da sauran jiki. Wannan matsewar ce ake ji a wuyan hannu. Haka abin yake ta maimaituwa, wajen sau dubu ɗari a kowace rana, tun daga cikin uwa.

Wuri biyu ake samun matsala. Ko dai makaɗin ne ya tsufa, yana kiɗa a sanyaye, ko ya riƙa yin shiru na wasu daƙiƙoƙi. Ko kuma makaɗin lafiyarsa lau, sai dai kiɗan ba ya isa ga mutanen ƙarshen gona, domin ƙofar ko igiyar ta lalace. Wannan na biyun hawa-hawa ne. Akwai wanda saƙon ke wucewa amma a makare, wannan galibi ba ya buƙatar komai sai sa ido. Akwai wanda saƙo ɗaya ke wucewa ɗaya ya faɗi. Akwai kuma wanda hanya ta toshe ɗungurungum. A nan ne ake ganin wata rahama a cikin halitta: idan ɗakunan ƙasa suka ji shiru, wani wuri a cikinsu yakan soma nasa ɗan kiɗan don kada aiki ya tsaya. Sai dai wannan makaɗin wucin gadi ne. Abin da yake iyawa 20 zuwa 40 ne a minti, ba ya jin kiran jiki, ko mutum ya hau tudu ko ya ɗauki buhu ba zai ƙara sauri ba, kuma ba shi da tabbas, yana iya ɗaukewa ba sallama. Dalilin da ya sa majo ya zagayar da tsohon ke nan. Zuciya mai lafiya da ta haura 90 bayan wannan zagaye. Tasa ta tsaya inda take.

Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta ajiyar guzuri. Idan jini ya yanke mata na daƙiƙa shida zuwa goma, mutum ya tafi ƙasa. Likitoci biyu na birnin Dabulin a ƙasar Ailan, Robert Adams a 1827 da William Stokes a 1846, sun siffanta irin wannan suma, kuma har yau da sunansu ake kiranta. Siffarta ta cancanci kowane gida ya sani, don a nan ne ake ɓatan kai. Mutum yana tsaye ko ma yana zaune, ba jiri mai tsawo, ba gargaɗi, sai ya zube. Fuska da tafin hannu su yi fari fat. Idan tsayawar ta ɗan jima, gaɓoɓi suna iya fizga, har fitsari ya kuɓuce. Cikin minti ɗaya ko biyu ya farfaɗo, jini ya dawo masa fuska, hankalinsa garau, ya san kowa, ya san inda yake. Mai farfaɗiya kuwa yakan daɗe kafin ya dawo daidai, yana ruɗe, barci na jansa, sau da yawa ya ciji gefen harshe. Bambancin ba ya fita sarai a kowane lokaci, shi ya sa nake ganin duk dattijon da ya soma faɗuwa bayan shekara sittin, kafin a sa wa ciwonsa suna a fara ƙirga bugunsa, a kuma yi masa gwajin ECG, takardar nan mai zanen tudu da kwari. Sunan farfaɗiya yana da nauyi a wurinmu. Mutane sukan ja da baya saboda camfin cewa yawun mai ita yana yaɗa ta, alhali ba ya yaɗawa. Idan aka liƙa wa mai ciwon zuciya wannan suna, an haɗa masa asara biyu: ga ƙyama, ga maganin da ba nasa ba.

Wasu ba sa ma faɗuwa. Kasala ce kawai, da haki daga ɗaki zuwa masallaci, da juwa, da mantuwa, da kumburin ƙafa. Duk abubuwan da muke tattarawa mu ce tsufa ne.

Sai dai ba kowane sanyin bugu ne cuta ba, kuma ba kowace cutar ce ke kai wa ga pil ba. Ɗan kokowar da ke shirin gasar takobi, ko saurayin da ke buga ƙwallo kullum, ana iya samun nasa 45 ko 50 yana kwance, wannan alamar ƙarfi ce, da ya tashi gudu za ta haura. Mai barci ma haka. Sannan akwai dalilan da ake iya kawarwa, kuma likitan kirki su yake fara bi. Na farkonsu magani. Atenolol da danginsa na hawan jini, digoxine, verapamil, amiodarone, duk suna rage gudun zuciya, kuma a inda ake sayen ƙwaya a tire a bakin tasha, ko a ci gaba da shan maganin tsohuwar odanas, wato takardar da likita ya rubuta, shekara biyar ba a koma wurin likita ba, ba abin mamaki ba ne a sha fiye da kima. Har maganin ɗiga wa ido na hawan jinin ido, timolol, yana iya yin haka ga tsoho. Ciwon ƙoda yana tara sinadarin fotashiyam a jini ya danne wutar zuciya. Raunin ƙullin maƙogwaro yana sanyaya jiki duka har da bugu. Toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya tana iya datse hanya na ƴan kwanaki ta sake buɗewa. Idan an duba waɗannan ba a samu ba, abin da ya rage galibi shi ne tsufan igiyar kanta, ta bushe ta zama tabo. Wannan ba ganye, ba ƙwaya, ba allurar da ke ɗinke ta.

Zancen bugun da ba ya tafiya daidai ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan iyalai suke sa wa pil ran da ba zai cika ba. Ɗan tsallake da mutum ke ji jefi-jefi, kamar faɗuwar gaba, yawanci ba komai ba ne. Amma akwai cutar da ɗakunan sama suke daina matsewa su koma karkarwa, kamar makaɗa ɗari sun cika gona kowa da nasa kiɗa, bugun ya zama ba tsari sam. Pil ba ya warkar da wannan. Babban haɗarinta ma ba a bugun yake ba: jini yana daskarewa a ɗakin da ba ya matsewa, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Maganin hana daskarewar jini ne ke tsare wannan, ko da pil ko babu. Inda pil ke shigowa shi ne ga wanda zuciyarsa ke yin gudu yanzu, an jima ta yi sanyi har ta tsaya. Idan aka ba shi maganin rage gudu, sanyin zai ƙaru. Sai a sa masa pil ya zama daɓen da bugun ba zai faɗa ƙasa da shi ba, sannan a samu damar danne gudun da magani. Haka nan pil ba ya sauke tansiyo, ba ya gyara murfin zuciya da ya lalace tun ƙuruciya, kuma ba shi ne maganin kumburin zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ba, wanda ƙasar Hausa ta san shi ƙwarai. Akwai wasu na'urori ƴan uwansa, ɗaya mai girgiza zuciya da wuta mai ƙarfi idan ta ɗauki mugun gudu, ɗaya mai waya uku don zuciyar da ta raunana, amma su nasu zancen daban ne, tsadarsu ma daban.

Wanda ya san ɗaukewar wuta zai ji daɗin sanin asalin abin. A farkon shekarun 1950, injin da ke tayar da bugun zuciya babban akwati ne da ake jonawa a bango. A ranar 31 ga Oktoba 1957 wuta ta ɗauke a birnin Miniyafolis na Amurka, yaran da aka yi wa aikin zuciya suka shiga haɗari, likitan fiɗa Walton Lillehei ya roƙi wani injiniya, Earl Bakken, ya ƙera masa wanda zai yi aiki da batir. Cikin makonni ya kawo. Shekara guda bayan haka, ranar 8 ga Oktoba 1958, a asibitin Karolinska na Suwidin, likita Ake Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar da Rune Elmqvist ya haɗa, karo na farko a cikin jikin mutum. Ta yi ƴan sa'o'i ta mutu, aka sa ta biyu. Larsson, wanda kafin nan yake suma sau da yawa a yini, ya ci gaba da rayuwa ana canza masa na'ura har sau ashirin da wani abu, ya rasu a 2001 yana da shekara 86, da wata cuta daban, bayan likitan da injiniyan duk sun riga shi. Batirin litiyam da ya shigo a shekarun 1970 shi ya mai da rayuwar pil daga shekara biyu zuwa wajen goma.

Na yau kusan faɗin akwatin ashana ne, ya fi shi siranta, nauyinsa giram 20 zuwa 30, an rufe shi ruf da ƙarfen titaniyam wanda jiki ba ya faɗa da shi. A ciki akwai batir da ƴar kwamfuta, siririyar waya kuma ita ke haɗa shi da zuciya. Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne saurare yake fara yi. Idan an saita shi a 60, yakan jira daƙiƙa ɗaya. In zuciya ta buga da kanta, ya yi shiru ya sake jira. In ba ta buga ba, ya aika ɗan tartsatsi, ƙarfinsa bai wuce na pil biyu na tocila ba, tsawonsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, mutum ba ya ma jin sa. Mai waya ɗaya yana kula da ɗakin ƙasa kaɗai. Mai waya biyu yana sauraren makaɗin asali a sama ya isar da saƙonsa ƙasa, wato ya zama gada a kan wurin da ya tsinke, sai zuciya ta koma bin bukatar jiki, ta yi sauri a tudu ta lafa a tabarma.

Da aka ce aiki a zuciya, matan gidanmu sun soma kuka, don a zatonsu za a tsaga ƙirji a buɗe. Ba haka ba ne. Ba a ma sa mutum barci. Allurar kashe zafi ake yi a ƙasan ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, galibi a hagu, a yi yanka kamar tsawon ɗan yatsa. Ta wata jijiyar jini da ke wurin ake zura wayar, ana kallon tafiyarta a allon radiyo mai nuna cikin jiki har ta shiga zuciya ta kama bango. A gwada ta, a yi wa pil ɗan aljihu ƙarƙashin fata, a jona, a ɗinke. Awa ɗaya zuwa biyu. Haɗari yana nan, ba a ɓoye shi: allura tana iya taɓa huhu iska ta shiga, jini yana iya taruwa a aljihun, waya tana iya gocewa a makonnin farko, kuma wajen mutum ɗaya cikin ɗari ƙwayar cuta takan shiga wurin, wanda idan ya faru sau da yawa sai an cire komai an sake. Amma a auna wannan da zaman jiran faɗuwa ta huɗu a bakin rijiya ko a kan babur. Cututtukan zuciya kaɗan ne magani ke mai da mutum kusan yadda yake da. Wannan yana cikinsu.

Daren da za a shiga da shi, tsohon ya kira ni ya tambaye ni abin da ke damunsa, kuma ba zafi ba ne, ba kuɗi ba ne. Ya ce, "Ɗana, in lokacina ya yi, wannan abin ba zai riƙe ni ba?" Na ji wannan tambaya daga baya a bakin wasu, kuma tambaya ce ta mai imani, bai kamata a yi mata dariya ba. Amsarta a fili take. Pil kira yake yi, naman zuciya ne ke amsawa. Idan rai ya fita, naman ba ya amsawa, tartsatsin ya faɗa a banza kamar kiran sallah a kufai. Ba ya jinkirta ajali, ba ya tsawaita gargara. Matsayinsa ɗaya da tabarau a ido ko sanda a hannu. Hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta shi limamin unguwarmu ya karanta masa, hankalinsa ya kwanta.

Yanzu kuɗi. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Afirka, PASCAR, ta tattara alƙaluman shekarun 2011 zuwa 2016 daga ƙasashe 31, ta samu cewa a ƙasa matsakaiciya cikinsu ba a sa wa mutum uku pil ba a cikin kowane miliyan a shekara, wasu ƙasashen ma ba a yin aikin ko kaɗan. A Faransa da Jamus adadin yana wajen dubu ɗaya. Gaskiya ne su tsofaffi sun yi musu yawa, mu kuwa rabin ƴan Nijar ba su wuce shekara goma sha biyar ko sha shida ba, don haka bukatarmu ba za ta kai tasu ba. Amma wannan ba zai cike ratar uku da dubu ba. Ragowar suna nan a ƙauyukan Adar, an ce da su tsufa, an ce iska, an ce mutuwar fuju'a. Na'urar da wayoyinta, ban da gado da gwaje-gwaje da abincin masu jinya, zance ne na miliyan ɗaya na sefa zuwa sama, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42, wato sefa dubu 42, a wata. Albashin shekara biyu ke nan ba a ci ba a sha ba. A gidanmu shanu biyu suka tafi, ƴan ci-rani na Abijan suka cika sauran. Likitocin zuciya kuma a Yamai suka taru, a babban asibitin ƙasa, da na Lamorde, da asibitin ƙwararru da aka buɗe a 2016. Daga Tawa kilomita 550 ne ko kusa da haka, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yini guda a kar, da mutumin da zuciyarsa ke iya tsayawa a kowane rami.

Akwai wata hanya da ya kamata mu yi mahawara a kanta a fili: pil ɗin da aka riga aka yi amfani da shi. A Turai da Amurka mutane da yawa ƙona gawarsu ake yi, kuma dole a cire na'urar tukuna don batirin yana fashewa a wuta. Da yawansu da sauran shekaru a cikinsu, amma dokokin can ba su yarda a sake sa wa wani ba, sai a zubar. Wasu cibiyoyi, kamar shirin jami'ar Mishigan da cibiyar zuciya ta Montiriyal a Kanada, suna tattarawa, su gwada batir, su wanke, su kashe ƙwayoyin cuta, su aika ƙasashe matalauta, wayoyi kuwa sababbi ake sawa. Binciken Montiriyal da aka buga a 2020 ya bi mutum 1051 da aka sa wa irin waɗannan, ya samu ƙwayar cuta ta shiga wa kashi 2 cikin ɗari a shekara biyu, a masu sabo kuma kashi 1.2, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Na san abin da zai fara zuwa ran mutum: kayan gawa a jikina? Ƙyamar tana da tushe, kuma haƙƙin mara lafiya ne a gaya masa gaskiya ya zaɓa. Ni dai ra'ayina, tunda muna karɓar jinin wani a jijiyarmu, ƙarfen da aka tsarkake bai fi shi nauyi ba, kuma zaɓin talaka ba tsakanin sabo da tsoho yake ba, tsakanin tsoho da babu yake. Sharaɗin shi ne ya bi ta hannun hukumar lafiya da doka a rubuce, kada ya zama hajar ƴan kasuwa, kuma malamai su shigo zancen tun farko.

Bayan an dawo gida ne ake gane cewa pil zumunci ne, ba biki ba. Makonni huɗu zuwa shida na farko ba a ɗaga hannun wannan ɓangare sama da kafaɗa da ƙarfi, ba jan guga, ba sara, ba ɗaukar buhu, har wayar ta kama. Ciwon a bar shi a bushe har ya warke, abin da ke da wuya a zafin Afrilu da Mayu, inda gumi ba ya yankewa. Ja, ko kumburi, ko ruwa, ko zazzaɓi, ko fatar ta soma siranta har ƙarfen ya so bayyana, wannan komawa asibiti ne a ranar. Kada a matsa, kada a shafa komai, kada wanzami ya kusanci wurin da ƙaho ko aska. Bayan an warke, sallah da sujada da azumi da noma da aure duk suna nan, sai dai mai shan wasu magunguna ya yi shawara da likita kafin Ramadan. Salula ba ta hana shi aiki, amma a ba ta tazarar taƙi guda, wajen santimita 15. A nan rigarmu ce ke da tarko, don aljihun gaba na hagu, inda dattijai ke ajiye waya, daidai kan pil yake zama. A mai da ita aljihun gefe, a kara a ɗaya kunnen. Mai walda da mai jingina da babban gurup, wato injin ba da wuta, yana aiki su ne ya kamata su yi hattara sosai. Mai niyyar Hajji ya riƙe katinsa ya nuna a filin jirgi, kuma duk inda za a yi masa aiki ko hoton MRI ya faɗi cewa yana da pil kafin a fara.

Katin nan ya fi kama da takardar gida wajen daraja. A kansa aka rubuta kamfanin da ya ƙera na'urar, Medtronic ne ko Biotronik ko Abbott ko waninsu, kuma injin da ake karanta pil da shi na kowane kamfani nasa kaɗai yake ganewa. Wanda aka kai Tunisiya ko Maroko ko Indiya aka sa masa, ko wanda tawagar likitocin waje ta sa wa ta tafi, yana iya dawowa ya tarar ba injin da zai karanta nasa a kusa. Tambayar da ya kamata a yi kafin a kwanta a gadon aiki ke nan: wa zai riƙa duba shi, kuma a ina? Dubawar kowane wata shida ce zuwa shekara. Ana ɗora wani ɗan faifai a kan fata, a ga lafiyar waya da sauran batir. Batirin yakan yi shekara bakwai zuwa goma sha biyu, gwargwadon yadda zuciya ta dogara da shi, ba a cajinsa, kuma ba ya mutuwa farat ɗaya: yana ba da sanarwa ƴan watanni kafin ƙarshe. Sai dai sanarwar injin ne ke jin ta, ba mai ita ba. Mutumin da ya ji sauƙi ya daina zuwa, shekara takwas ta wuce, ranar da batir ya ƙare zai koma inda ya fito, wataƙila ma makaɗin wucin gadin nan da ya riƙe shi a da ba zai tashi ba.

Abin da za a iya yi a Tawa ba tare da jiran ɗakin fiɗa ba yana da yawa. Kowane ma'aikacin lafiya ya karanta lamba ta uku, in ta gaza 40, ko ta gaza 50 tare da juwa ko suma, ya san ba a sallamar wannan da maganin masassara. Injin ECG ya sauka har asibitocin Madawa da Buza da Keita da Illela, da takardarsa da mai iya liƙa wayoyinsa, hoton takardar kuma ya isa hannun likitan zuciya ta WhatsApp cikin minti biyar. Sannan injin duba pil ya riƙa zuwa asibitin jiha sau biyu a shekara, maimakon tsofaffi ashirin su bi hanyar Yamai ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon namu yana shekara ta huɗu da nasa. Ya koma sahun gaba, bana ma shi ya tsaya a kan shukar gero da kansa. Katin yana cikin leda a tsakiyar Alƙur'aninsa, an rubuta masa ranar komawa bayan kaka. A dubawar da ta wuce likita ya ce sauran batir wajen shekara shida, kuma tun a kar muna dawowa babban ɗansa ya ce maraƙar da aka haifa bana ba za a taɓa ta ba, ta canjin pil ce.